Masu Buɗe Giya: Tarihin Wani Reshe na Kanikanci a Sakkwato

Jirgin ƙasa bai taɓa shiga Sakkwato ba. Layin dogon da Turawa suka ja daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya tsaya a Ƙauran Namoda a 1929, kuma har yau bai ƙara gaba ba. Duk mai son sanin yadda kanikanci ya kafu a birnin Shehu, daga nan ya kamata ya faro. Ƙirgi da fatun jar akuya da ake kaiwa Ingila, gyaɗa da auduga, gishiri da kananzir da atamfa da ke dawowa, duk sai sun ci tafiyar kilomita 200 da wani abu tsakanin Sakkwato da bakin dogo a Gusau. Raƙumi da jaki ne suka fara ɗaukar wannan nauyi. Da mota ta karɓa, sai ta tarar da hanyar burji mai gargada da rairayi da gulabe. A irin wannan aiki, in ka cire taya da sifirin, babu abin da ke shan wuya a jikin mota kamar kayan da ke kai ƙarfin inji zuwa ƙafafun baya, wato kuloci da giyabos da farfela da aksul.

Wannan ɓangare kawuna, ƙanen mahaifiyata, ya riƙa a matsayin sana'a tun yana saurayi har ƙarfinsa ya ƙare. Garejinsa rumfar kwano ce da inuwar dogon yaro a wajen unguwar Sahara, da rami ɗaya da aka gina da bulo, da akwatin ƙarfe mai kwaɗo. A shekarun 1980, in aka tashi makaranta ko aka yi hutu, can ake tura ni don kada in yi yawon banza. Ban zama bakanike ba, aikina wankin noti da miƙa sifana. Amma na ga aikin da idona, na kuma ji tarihinsa daga bakin waɗanda suka yi shi.

A faɗar tsofaffin garejin, kanikawan farko a ƙasar Sakkwato ma'aikatun gwamnati ne suka haife su: ma'aikatar ayyuka ta Turawa da ta En'e, inda ake kula da motocin hukuma, sai garejojin kamfanonin ciniki. Sunan ɗaya daga cikin kamfanonin nan, J. Allen, ya zauna a bakin mutane har ya zama sunan wuri, kuma har gobe in ka ce za ka J. Allen, Basakkwace ya san wajen kanikawa ka nufa. Motocin lokacin na Ingila ne, su Bedford da Austin da Morris, kafin Marsandi 911 ta zo ta mamaye hanya. Da yawa daga cikin manyan motocin nan giyarsu ba ta da abin da ke daidaita gudun haƙora kafin su haɗu. Dole direba ya taka kuloci ya fitar da giya, ya saki, ya ɗan ba da wuta in zai sauko ƙasa, ya sake takawa, sannan ya shigar. Wanda bai iya ba, tun daga nesa za a ji ƙarar haƙoran suna cin juna. Shi ya sa direban wancan zamani sai ya yi shekaru yana karen mota, yana bin ta da weji a hawa, kafin a ba shi sitiyari. Kuma da wuya ka sami direban da bai iya sauke giyabos a gefen hanya ba, domin in ta tsaya maka tsakanin Talatar Mafara da Tureta babu wanda za ka kira.

Yawancin masu riƙe da sifana a farkon lamari mutanen Kudu ne, Yarbawa da Ibo, su ne kuma suka koyar da 'yan gari. Kawu a hannun wani Bayarabe ya koya, kuma bai taɓa ambatonsa ba tare da yi masa addu'a ba. Rikicin 1966 da yaƙin basasa da ya biyo baya sun sa mutanen Gabas da yawa sun bar Arewa, sai yaran da ke wanke noti jiya suka wayi gari su ne masu gareji. Bayan 1970 'yan kasuwar Ibo suka dawo, suka fi ƙarfi a cinikin kayan gyara, abin da ya ɗore har yanzu. Akwai kuma wani tushe da ba a cika ambata ba. Sakkwato gari ne na maƙera tun kafuwarta, unguwar Maƙera Assada shaida ce. Lokacin da kayan gyara sai an aika Kano ko Ikko, bakanike yakan ɗauki ƙarfen da ya lanƙwashe ko ya karye ya kai wa maƙeri. Su kuma maƙera suka sami ƙarfe mai kyau a tsohon sifirin da shaf ɗin mota, suna ƙera gatari da wuƙa da garma da shi.

Abubuwa da dama suka taru cikin shekara goma suka sauya komai. A 1967 Sakkwato ta zama hedikwatar Jihar Arewa maso Yamma, ma'aikata suka cika gari. A shekarar ce kuma kamfanin siminti na Kalambaina ya fara aiki. Ranar 2 ga Afrilu 1972 Najeriya ta bar tuƙi ta hagu ta koma dama, irin na Nijar da sauran maƙwabta rainon Faransa. Sitiyari ya koma hagu, sandar giya ta koma hannun dama, tsofaffin direbobi suka sake koyon abin da hannunsu ya riga ya haddace. Kuɗin man fetur suka shigo, aka yi ƙarin albashin Udoji, aka buɗe jami'a a 1975, ga bashin mota ga ma'aikaci. A watan Maris na wannan shekara ta 1975 Janar Yakubu Gowon ya buɗe kamfanin harhaɗa Fijo a Kakuri, Kaduna. Kayan motar ta jirgin sama ake kwaso su daga Liyon ta Faransa zuwa Kano, sannan a ɗora su a manyan motoci zuwa Kaduna. Gwamnatin soja ta Obasanjo ta mai da Fijo 504 motar manyan jami'anta. Kafin a ankara, kwamishina da alƙali da malamin makaranta da ɗan kasuwar Kara da direban tasha, kowa Fijo yake hawa, bambancin kawai sabuwa ce ko tsohuwa, salun ce ko wagon ko a-kori-kura.

Ta arewa ma Fijo na shigowa. A shekarun 1970 da 1980 samarin Turai sukan sayi tsofaffin 404 da 504, su keto hamada ta Tamanrasset da Arlit da Agadas, su sayar a Nijar su hau jirgi su koma gida. Tsakanin Birnin Ƙonni da Illela kuwa taku kaɗan ne, daga Illela zuwa Sakkwato bai kai kilomita 100 ba. Mota da kayanta da kanikawanta duk suna kai da kawowa a wannan hanya.

An fara ƙera 504 a Faransa a 1968, ta ci kyautar motar shekara ta Turai a 1969, ta kuma lashe tseren Safari na Kenya a 1975. Mutanenmu ba don wannan suka so ta ba. Sun so ta ne don tana da tsayi daga ƙasa, tana shanye gargada, kuma farfelarta a cikin wani bututun ƙarfe take, wanda ya haɗa giyabos da aksul ya rufe ta ruf. Rairayi da ƙura da ciyawa ba sa kai mata. Wanda ya taɓa bin hanyar Tangaza ko Gada kafin a zuba kwalta ya san darajar wannan. Giyarta huɗu ce da ribas, daga baya aka sami mai biyar. Ta 404 da 504 ta farko a jikin sitiyari sandar take, sannan aka dawo da ita ƙasa. Kulocinta da mai yake aiki, akwai silinda ta sama kusa da feda, akwai ta ƙasa a jikin giyabos.

A ganina, babban abin da ya gina gwanintar kanikawan wancan zamani shi ne mota iri ɗaya ta zauna a hannunsu kusan shekara talatin. Turai ta daina ƙera salun ɗin 504 a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da fitar da ita har wajen 2006, ga kuma 505 da ta biyo ta da tsari kusan iri ɗaya. Yaron da aka kawo gareji yana ɗan shekara goma sha biyu, giyabos ɗin da ya fara wankewa shi ne zai ci gaba da buɗewa har ya aurar da 'ya'yansa. Ilimi ya taru, ya zauna, maigida ya miƙa wa yaro, yaro ya ƙara nasa. Mutumin da bai taɓa karanta littafin kamfani ba ya san kowane wasali da kowane zobe da inda yake zama, ya san wanda ke fara ci, ya san na wace shekara ne ke shiga na wace.

Aikin daga kunne yake farawa. Direba zai shigo da wagon daga tasha, ya yi sallama, ya ce, "Maigida, giyag ga ta mutu, kuka takai." Kawu ba ya ko tashi daga benci. Sai ya ce, "Tada ta in jiya. Bar ta firi. Taka kuloci. Saki. Ƙara takawa." In kukan yana nan a firi, amma ya ɗauke da zarar an taka kuloci, to boris ɗin shaf na gaba ne a cikin giyabos. In kuwa shiru ne sai an taka sannan kukan ya taso, giyabos ba shi da laifi, boris ɗin kuloci ne. "Giyarka lahiya lau take, Alhaji. Boris na." In giya ɗaya ce kawai ke gurzawa wajen shiga, galibi ta biyu, don ita ta fi shan aiki a cikin gari, to zoben da ke daidaita gudunta ya cinye. In dukkansu ne suka yi tauri, ribas kuma tana ƙara, sai a fara duba man kuloci da silindoginsa, don sau da yawa roba ce ta 'yan kuɗi kaɗan ta huje. Giyar da ke fita da kanta in an ɗaga ƙafa daga totur, ko ƙananan haƙoran da ke riƙe ta sun lashe, ko cokalin da ke tura ta ya ci, ko kuma robar da giyabos ke zaune a kai ta yage. Kukan da ke tashi daga baya yana sauya murya in an ba da wuta ko an saki, wannan na aksul ne.

Na sha ganin an sallami mota ba a kwance mata komai ba sai ɗaurin noti ko ƙarin mai. Wannan gaskiya ita ce jarin gareji. Direbobin tasha bakinsu ɗaya ne, in suka gane kana sauke giyabos don abin da bai kai ya kawo ba, labari zai riga ka isa gida.

In ta kama a sauke, yini guda ne. Sai an ja bututun farfela baya kafin giyabos ya sami hanyar fita, yara biyu a rami suna tallafe da shi, ɗaya a sama yana riƙe da igiya. Kafin a kwance noti ko ɗaya sai an wanke bayansa tas da kananzir. Sannan a shimfiɗa takardar buhun siminti a kan tebur, a raba kwanson alminiyam ɗin gida biyu, a ɗago shaf-shaf ɗin da haƙoransu. Duk abin da aka zare, a ajiye shi a jere yadda ya fito, fuskar da ke kallon gaba tana kallon gaba. Yaron da ya taɓa jerin nan ba da izini ba ya gamu da faɗan da ba zai manta ba. Kawu yakan ɗauki zobe ya ɗora a mazauninsa ya murɗa da yatsa. In ya kama, yana da sauran rai. In ya zame har ya zauna ƙasa, ya gama aiki. Boris kuma a wanke shi, a ɗiga masa mai, a juya a kusa da kunne. Wajen mayarwa ne gwani ke bambanta da mai koyo, domin akwai siraran wasali da ke ƙayyade yawan wasan da shaf zai yi gaba da baya. In ya yi yawa giya za ta riƙa fita, in ya yi kaɗan boris zai yi zafi ya ƙone. Kamfani da agogon awo yake auna wannan. Kawu da tafin hannu yake ji, kuma motocin da ya ɗaura sun yi shekaru suna zuwa Kano da Kaduna da Kwantagora.

Da hunturu ba a barin giyabos a buɗe ko na tsawon sallar azahar. A rufe shi da tsumma mai tsabta, a danne da dutse. Ƙurar da iska ke kwasowa daga arewa, in ta haɗu da mai, ta zama kamar dutsen niƙa a tsakanin haƙora.

Batun mai kuwa, an daɗe ana gardama a kansa a garejojin garin nan. Littafin Fijo ya ce giyabos ɗin 504 baƙin mai irin na inji ake zuba masa, aksul ne ke shan mai kauri mai lamba 90. Kanikawa da yawa sun ce zafin Sakkwato, da ke wuce digiri 40 a watan Afrilu, ya fi ƙarfin mai tsinkakke, sai su zuba mai kaurin a duka biyun, wasu ma har mai lamba 140 don ya kashe kuka ya rage yoyo. Kawu yana tare da littafi, ko da yake bai karanta shi ba. Hujjarsa ita ce mai kauri yana hana zobe kamawa da sanyin safiya, direba ya riƙa tura giya da ƙarfi, kuma kukan da aka rufe da kaurin mai yana nan yana cin ƙarfe a ɓoye. Ina ganin shi ke da gaskiya. Akwai ƙa'idojin da kowa ya yarda da su: a fara kwance notin zubawa na gefe kafin na tsiyayewa, kada a zubar da mai sannan a tarar na sama ya ƙi kwantuwa, a zuba har sai ya fara dawowa ta ramin, mota tana tsaye a wuri mai daidai, a duba abin da ya fito. Ɗan laushin garin ƙarfe ba komai ba ne. Gutsattsari masu kama da tsakuwa, haƙori ne ya fara karyewa. Man da ya koma fari-fari kuwa ruwa ya sha, abin da ake yawan gani da damina a motocin da ke ratsa fadama da mashigin ruwa wajen Wurno da Goronyo.

Sauran abin da ke kashe giya a ƙasar nan sananne ne. Wagon da aka yi don mutum bakwai ko takwas, a zuba mata goma, a ɗaure buhunan albasa ko gero a but har murfin ba ya rufuwa. In ta kafe a rairayi, direba ya yi ta wurga ta tsakanin giya ɗaya da ribas har warin kuloci ya tashi. Ga masu ɗora ƙafa a kan feda tun daga tasha har inda za su, ga masu jingina hannu a kan sandar giya suna cinye cokali ba su sani ba.

Shekarar 1986 ce ta karya wannan zamani. Gwamnatin Janar Babangida ta kawo shirin gyaran tattalin arziki, a watan Satumba aka buɗe kasuwar canji ta biyu. Dalar da ba ta kai naira ɗaya ba a 1985 ta koma wajen naira huɗu, ta kuma ci gaba da hawa. Sabuwar Fijo ta fi ƙarfin ma'aikaci, kayan gyara na asali suka yi tsada. Abin mamaki, shekarun farko na wannan matsi su ne lokacin da gwanintar masu buɗe giya ta kai ƙololuwa, don babu mai iya sayen sabo. A haɗa matattun giyabos biyu a tayar da ɗaya. A kai cokalin da ya ci wajen mai walda ya cika shi, a goge da zarto har ya koma daidai. A yanka fakin daga kwalin sabulu. A lokacin ne kuma kayan da ake kira 'yan Taiwan suka cika shaguna, masu sauƙin kuɗi, waɗansu na kirki waɗansu ba sa kai wata uku, sai bakanike ya ƙara koyon gane nagari daga nauyinsa da yanayin gogewarsa.

Sai kuma Beljiyam ta iso, wato tsofaffin motoci da kayansu daga Turai. Daga ƙarshen shekarun 1980 tsofaffin motocin Turai suka fara kwararowa ta tashar jiragen ruwa ta Kwatano, da yawansu su hau arewa su shiga Nijar, su faɗo Najeriya ta iyakoki irin na Illela. Golf da Vectra da Carina da Starlet da Corolla da Honda, daga baya Sharon, suka karɓe tasha da gidajen ma'aikata. Kusan dukkansu da ƙafafun gaba suke ja, inji a gicciye, giyabos da aksul a kwanso ɗaya, babu farfela. Kowace da nata tsarin, wani lokaci mota ɗaya ma giyarta iri uku ce gwargwadon shekara da ƙasar da aka yi wa ita. Tare da motocin kuma kwantena-kwantena na tsofaffin injuna da giyabos suka shigo, ta Ladipo a Ikko da Nkpor kusa da Anacha da Ƙofar Ruwa a Kano, har zuwa shagunan Sahara. Lissafi ya sauya. Me zai sa mai mota ya biya aikin kwana biyu da kuɗin zobe da boris, alhali da kuɗi kusan ɗaya zai sayi giyabos sukutum a ɗaura masa kafin la'asar? Mai shago zai ba ka 'yan kwanaki na gwaji, in bai yi ba ka mayar a sauya maka.

Ban ga laifin mai mota ba, ban kuma ga laifin yaran da suka tashi a wannan lokaci ba. Abin da kasuwa ta nema shi suka koya, kuma sun iya shi da sauri. Amma an yi asara. An yaye kanikawa da yawa da suka sauke giyabos ɗari ba su taɓa ganin cikin ko ɗaya ba. Kunnen nan da ke bambanta kukan boris da na haƙori ya rage amfani, tunda ko mene ne ya lalace magani ɗaya ne. Kawu ya ci gaba da aikinsa a kan Fijon da suka rage, amma layin motoci a bakin rumfarsa ya riƙa raguwa, yaransa suka riƙa komawa wajen masu Japan.

Giya mai sarrafa kanta, wadda kowa ke kira otomatik, ta zo da nata babin. Da farko mutanen Sakkwato gudunta suke yi. Ba a tura ta ta tashi in batir ya mutu, ba a jan ta da igiya tafiya mai nisa ba tare da an yi mata lahani ba, kuma in ta lalace babu mai taɓa ta. Har sana'a aka yi ta cire otomatik a dasa giyar hannu, a huda wajen feda a ƙara ta kuloci. Amma da motocin Amurka suka yawaita bayan shekarar 2000, mata kuma suka ƙaru a kan sitiyari, sai otomatik ta zama ita ce gama-gari a motocin gida. Cikinta wata duniya ce: faya-fayan kuloci birjik a jiƙe cikin jan mai, famfo, ƙananan hanyoyin mai da bawul-bawul da lantarki ke buɗewa, da kwamfutar da ke ba su umarni. Babban maƙiyinta zafi, mu kuwa shi muke da shi. Yawancin motocin nan ta cikin lagireto man giyarsu ke bi ya huce, don haka motar da ke yawan tafasa tana dafa giyarta ne a hankali. Kowane kamfani kuma da irin man da ya ƙayyade, na Toyota daban, na Honda daban, na giyar da ke aiki da bel maimakon haƙora daban. Shekaru aka yi ana zuba kowane jan mai a kowace mota, giyoyi da yawa sun tafi a haka kafin a farga. Har yanzu akwai masu cewa kada a taɓa canza man otomatik. Abin da ya jawo wannan magana shi ne mutane ba sa tunawa da man sai giya ta fara santsi, lokacin da faya-fayan sun riga sun ƙone, sai a ɗora wa sabon mai laifin. In ana canza shi a kan kari tun yana ja, kafin ya yi baƙi ya fara warin ƙuna, giyar takan daɗe.

Yanzu lissafin ya sake juyawa. Daga farkon 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa. An rufe iyakoki a watan Agusta 2019, ba a buɗe Illela ba sai Disamba 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 har zuwa Maris 2024. A tsakanin nan aka cire tallafin mai, aka saki naira, dala ta haura naira 1,500. Giyabos ɗin Beljiyam da ake saye ba tare da dogon tunani ba ya zama abin da ma'aikaci zai tara albashin watanni kafin ya tunkara, kuma abin da ake sayarwa da sunan Beljiyam wani lokaci a nan gida aka ciro shi daga wata matacciyar mota aka wanke. Mutane sun koma riƙon tsohuwar mota, sun koma tambayar da aka daina yi: ba a iya buɗe shi a gyara?

Masu amsa wannan tambaya da "ana iyawa" ba su da yawa, amma akwai su a garejojin Buzaye da J. Allen da Sahara. Wasu dattawa ne 'yan zamanin Fijo, waɗanda har yanzu ke riƙe da wagon da a-kori-kurar da ke zuwa kasuwar Illela ranar Lahadi da kasuwannin ƙauye. Wasu kuma samari ne da suka koyi otomatik a Kano ko Kaduna ko Ikko, suna da na'urar da ake soka wa mota ta faɗi inda ke ciwo, suna kallon yadda ake kwance kowace giya a wayarsu. Na tsaya na kalli ɗaya daga cikinsu yana aiki a kan giyar Corolla. Na'urar ta nuna masa bawul ɗin da ya daina amsawa, amma bai tsaya nan ba, sai da ya sauke kwanon mai ya duba abin da ya kwanta a ciki, ya shinshina man, sannan ya gaya wa mai motar cewa faya-fayan ma sun tafi, canza bawul kaɗai asarar kuɗi ce. Matsalarsa, in ji shi, kayan ciki ne. Saitin faya-faye da robobi na kirki sai ya aika Kano ko Ikko, ya jira kwanaki, mota tana cin wuri a gareji, mai ita yana kiran waya safe da yamma. Shi ya sa duk mataccen giyabos da aka bari a wurinsa ba ya sayar wa 'yan gwangwan, yana tara su a bayan rumfa bisa ga iri, yana ciro abin da ya rage da rai a cikinsu.